Noti na Huɗu

A tsakiyar Dajin Ɓurma, inda ko jaki ba ya samun wurin sa ƙafa, akwai wata baƙar mota a tsaye. Babu titi kusa da ita, babu alamar an taɓa yin titi. Wata cediya ta tsiro daga cikinta, ta fasa rufin ta yi sama. Mafarauta sun ce shekararta sittin a wurin, kuma duk ranar Alhamis da hantsi sai an ji odarta sau uku, kamar fasinja ya gaji da zama yana kiran direba.

Nomau Bakanike ya san labarin tun yana yawo ba wando a ƙauyensu, Tudun Gaje. Bai taɓa sa shi a ransa ba sai ranar da akori-kurar da ya gada wurin mahaifinsa ta mutu. Tsohuwa ce ƙwarai, irin mai sitiyari a dama, amma ita kaɗai ke iya hawan duwatsun hanyarsu in damina ta faɗi. Kafiretarta ce ta tsage gida biyu, wato tukunyar nan da ke gauraya fetur da iska ta shayar da inji. Ya kai walda, ta ƙi. Ya je har Ƙofar Ruwa a Kano, masu kayan gyara suka yi ta miƙa wa juna ita suna dariya, wani ya ce sai dai in kakansa ne zai gane ta.

Ga matarsa Lantana, wata tara ya kama. Malamar asibiti ta faɗa masa ido da ido cewa jaririn a gicciye yake, a gida ba za ta haihu ba, kuma kada wanda ya kuskura ya ɗora ta a babur. Asibitin tafiyar awa biyu ne a mota, motocin haya kuwa sun daina shigowa tun ruwan farko. Lantana ba ta da uwa a raye, ba ta da kowa sai shi da wata gwaggonta, Kande.

Ran Laraba da yamma ya ɗauki matacciyar kafiretar ya nufi rumfar Baba Jatau, tsohon ɗan gwangwan da ya ƙare rayuwarsa yana sayen mushen motoci yana yankawa. Shekarunsa sun haura tamanin, hannunsa na dama kullum a naɗe da tsumma, ba wanda ya taɓa ganin abin da ke ciki.

"Baba, a duk motocin da ka yanka, ka taɓa cin karo da 'yar'uwar wannan?"

Tsohon ya juya ta da hannun hagu, ya daɗe yana kallo. "Guda ɗaya ta rage a ƙasar nan. Ka san inda take."

"Ta Ɓurma? Baba, ai tsatsa ta cinye wannan tun ban zo duniya ba."

"Jikin kawai ta ci. Injin ba abin da ya taɓa shi."

"Ya aka yi ka sani?"

Baba Jatau ya sunkuya. Ya laluba ƙarƙashin tabarma ya ciro wani ɗan ƙullin tsumma, ya danƙa masa.

"Ka saurara, don ba zan maimaita ba. In ka isa ka yi sallama, kada ka taɓa ƙarfe sai an amsa. Ka ajiye wannan a kujerar direba. Abu ɗaya za a ba ka, ɗaya tak. Ka cire tasu, ka ɗora matacciyar taka a gurbinta, ka mayar da kowane noti inda ka same shi. Kowane noti, Nomau. Na san halinku."

"Haba Baba, shekarata ashirin da sifana a hannu."

"Shi ya sa na faɗa."

Washegari da sassafe Nomau ya ta da babur, ya goya taubashinsa Cindo, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Cindo mahauci ne mai yatsu shida a hannun dama, bai san komai game da mota ba sai shiga da fita. Inda hanya ta ƙare suka jingine babur suka kutsa da ƙafa.

"Karɓi jakar nan, bawana," in ji Nomau.

"Wa ye bawan wani? Ni na biyo ka ne don in an cinye ka a samu mai kai labari."

"Yatsu shida, aiki ba ko ɗaya."

Suna cikin haka aka danna oda. Sau uku, a hankali, daga can gabansu. Cindo ya haɗiye sauran maganarsa. Suka bi inda ƙarar ta fito, ciyawa na dukan ƙirjinsu, har suka ɓulla wani fili da ba tsuntsu ko ɗaya a cikinsa.

Ga ta nan. Fentin ya ɓaɓɓake, ƙofa ɗaya ta rataye da ƙyar, tayoyin sun ruɓe sun koma ƙasa, gara ta gina gida a but. Kujerun gaba sun zama waya zalla. Jikin duk ya huje kamar rariya. Abu ɗaya kaɗai ke ƙyalli, madubin ciki, tas da shi kamar da safen nan aka goge.

Nomau ya cire hula ya riƙe. "Salamu alaikum, masu wurin nan."

"Amin, wa alaikumus salam. An daɗe."

Muryar tsohuwa ce, daga kujerar baya. Kujerar kuwa ba kowa a kanta.

"Nomau," in ji Cindo cikin raɗa, "wa ya amsa?"

"Rufe baki."

Ya matsa ya leƙa ta tagar direba, ya ajiye ƙullin a kan wayoyin kujera. Da ya ɗaga ido ga madubi sai ya gan ta. Tsohuwa ce zaune daram a baya, da farin lulluɓi, ƙwarya rufe da faifai a cinyarta, idanunta launin jan ƙarfe. Ya waiwaya, ba kowa sai saiwar cediya. Ya sake duban madubi, tana nan tana kallonsa.

Ƙullin ya warware da kansa. Makullin mota ne a ciki.

"Jatau," in ji tsohuwar. "Ashe yana raye. Yaro ne a lokacin, ya ɗauko ni a matsayin fasinja. Da ya dubi madubi ya ga idona, sai ya ce mota ta lalace, in zauna kada in sauka, zai nemo mai gyara. Ya zare makulli ya tafi. Mu in an ce mu zauna, zama muke yi. Ni ce Gwamma, ta mutanen ƙarƙashin hanya. Kai ne bakaniken da aka aiko ya kai ni?"

"Ranki ya daɗe, ni bakanike ne, amma roƙo na zo."

Ya kwashe labarin Lantana da na akori-kura ya faɗa mata, bai rage komai ba. Tsohuwar ta dafa faifan ƙwaryarta.

"Haihuwa," ta ce a hankali. "In na ba ka abin da ka roƙa, motata ta mutu ke nan, ni kuma na zauna har abada. Ba za ka fara kai ni ba?"

"Ranki ya daɗe, matata ko yau ko gobe. Ba ni da lokaci."

"To. Ba ma tilasta wanda bai ɗauki namu ba. Saboda makullin da ka dawo da shi, da wadda ke jiranka, ka ɗauki abu ɗaya. Duk abin da ya wuce inuwar itacen nan bayan ɗayan, sata ne."

Bonet ya buɗe da wata ƙara mai tsinka jijiya. Nomau ya ja da baya. Injin yana nan fes, har da ɗumi, kamar yanzu aka kashe shi. Kafiretar na zaune a samansa, noti huɗu suka riƙe ta. Ya ciro sifana mai lamba sha uku ya hau aiki. Duk notin da ya kwance, hannunsa ya jefa shi aljihun wando, yadda ya saba shekara ashirin ba tare da ya nemi shawarar mai shi ba. Ya ɗago kafiretar ya naɗe a riga, ya ɗora matacciyar a gurbin.

Noti uku a fili suke. Na huɗun a can baya yake, ƙarƙashin wani bututu, inda yatsa ba ya isa sai mutum ya kwanta a kan injin. Ya ce bari ya bar shi ƙarshe.

"Yi sauri don girman Allah," in ji Cindo. "Wallahi wani abu na shafa min ƙeya. Ga hadari ya haɗo."

Nomau ya ɗaure na farko, na biyu, na uku. Ya kama kafiretar ya girgiza, ko motsi ba ta yi ba. Aka yi wata tsawa a gabas. Zuciyarsa ta ce aiki ya gama, kamar yadda ta sha faɗa a gareji, ya rufe bonet. Suka yi godiya suka juya.

Ƙafarsu na fita daga inuwar cediyar, oda ta ɗauka, doguwa, ba yankewa.

Suka zura da gudu. Sun yi rabin awa suna miƙe gabas, sai ga fili, sai ga baƙar mota. Suka juya kudu, suka tsallake wani rafi da ba su tsallaka ba da zuwa, sai ga mota. A karo na uku wandon Nomau ya fara zamewa, aljihunsa ya yi nauyi kamar an saka dutsen niƙa. Ya cusa hannu. Ya ciro noti.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Cindo ya dafe kai. "Shekara ashirin da sifana! Ko ni da nake fiɗa, ina ƙirga ƙafafun akuya kafin in ba mai ita!"

Nomau ya durƙusa a tagar direba, notin a tafin hannunsa. "Ranki ya daɗe, mantuwa ce. Ga shi, yanzu zan ɗaure."

"Ya wuce inuwa," in ji Gwamma daga madubi. "Abin da ya wuce inuwa ba a mayar da shi da hannu, sai da hukunci. Hukunci kuwa na Sarkin Tasha ne, ba nawa ba. Yanzu ka ɗauki namu, ɗan Adam. Mayar da kafiretata, ka shiga ka kai mu gabansa. In ka ƙi, za ku yi ta zagaya itacen nan, matarka kuma ta yi ta duban ƙofa."

Ba musu. Ya cire matacciyar ya jefa a jaka, ya mayar da mai ran, ya kwanta a kan injin ya ɗaure huɗu cif.

"Ranki ya daɗe, babu taya, babu batir, babu ɗigon mai."

"Naka makulli ne."

Suka zauna a kan wayoyin kujera. Nomau ya murɗa makulli. Inji ya tashi bugu ɗaya, lafiyayye, ba tari. Saiwoyin cediya suka janye kamar macizai, ƙasa ta sunkuya a gabansu, mota ta gangara ciki a kan ƙarafan ƙafafunta.

"Abu biyu," in ji tsohuwar. "Kada ka kashe inji. Kada ka tsaya wa kowa."

Suka fito wata ƙasa mai sama launin tsatsa, rana a tsaye cak ba ta gaba ba ta baya. Hanya ja ce, miƙaƙƙiya. Dama da hagu mushen motoci ne iya ganin ido, gingimari da bas da 'yan ƙanana, wasu a kife, wasu sun nutse rabi. A cikin kowacce akwai mutane zaune da kayansu a cinya. Ba su magana. Kawunansu kawai ke juyawa suna bin baƙar motar da kallo.

"Su wa ye waɗannan, Iya?" Cindo ya tambaya.

"Waɗanda aka ce su jira."

Ba su yi nisa ba hanya ta ƙare a bakin wani kogi na baƙin mai, mai kauri, yana tafiya ba ƙara. Gadarsa ƙarafa biyu ne kawai, kowane faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Tsayawa ba dama. Nomau ya saka giya ta ɗaya ya ɗora ƙafafun motar a kai.

"Leƙa ka gaya min, ba na ganin ɓangarenka!"

Cindo ya fitar da kai ta taga. "Hagu! Hagu kaɗan! Hagunka na ce, ba na kakarka ba!"

Daga cikin man hannaye suka fara ɗagowa, baƙaƙe, kowane riƙe da sifana, suna laluben ƙarƙashin motar. Ana jin ƙarar ƙarfe na neman noti. Motar ta karkata, wani ƙyauren baya ya ɓalle ya faɗa, man ya haɗiye shi ba ko kumfa.

"Kada ka firgita," in ji Gwamma. "'Yan'uwanka ne. Masu gyaran da suka ɗaure uku suka bar ɗaya, mota ta kwance a kan gudu da mutane a ciki. Suna neman na huɗun ne su ɗaure. Ba za su samu ba."

Nomau ya ƙara riƙe sitiyari. Gumi na shiga idonsa har suka taka tudu.

Suna hawa tudun, sai ga mace a bakin hanya, durƙushe, hannu ɗaya riƙe da ciki, ɗayan tana ɗagawa. Zanen Lantana ne, mai ruwan ganye, wanda ta ɗaura da safe. Fuskar ma tata ce.

"Nomau! Nomau, tsaya! Ciwon ya zo! Za ka wuce ni?"

Ƙafarsa ta sauka daga totur ta nemi birki. Inji ya fara shaƙewa. Cindo ya kai masa duka a cinya.

"Taka, mahaukaci! Yaushe Lantana ta taɓa kiran sunanka? Shekara bakwai ina cin tuwonta, Maigida take ce maka ko faɗa kuke yi!"

Nomau ya rufe ido ya danna totur. Suna giftawa, abin ya buɗe baki fiye da na mutum, ya ruguje ya zama ɓarɓashin tsatsa, iskar motar ta watsa shi.

"Taubashinka yana da amfani," in ji tsohuwar.

"Ka ji ko?" in ji Cindo. "Iya, ki sake faɗa, bai ji ba."

Daga nan hanya ta gangara zuwa wata katanga da aka gina da bonet-bonet na motoci, tsayinta ya fi rimi. Ƙofar ta buɗe da kanta. Wannan ita ce Tashar Tsatsa. 'Yan kamasho dogaye masu idanu kamar fitilun mota suna ta kiran sunayen garuruwan da ba a taɓa ji ba. Da suka ga baƙar motar, kira ya tsaya. Wani ya saki tsintsiya. Can sai wata mace ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa, tasha ta ɗauka gaba ɗaya.

"Yanzu ka kashe," in ji Gwamma.

Ƙofar baya ta buɗe, ta sauko, wannan karon ido na ganinta ba sai da madubi ba. Ta gyara ƙwaryarta.

"Ba ka tambaye ni inda za ni ba, ɗan Adam. Haihuwar fari ta 'yata na zo. A wurinmu mace ba ta sauka sai uwarta ta riƙe mata kai. Shekara sittin ke nan tana kan gwiwa."

Ta shige wani ɗaki da aka yi da ƙyamaren motoci. Nomau ya tsaya kamar an dasa shi, yana tuna cewa da safen nan ta yarda ta ba shi kafiretar ta zauna har abada. Ba a jima ba aka ji kukan jariri, siriri kamar ƙarar sabon birki.

Aka kawo su gaban Sarkin Tasha. Yana zaune a kan injin gingimari, rawaninsa na sarƙa, muryarsa kamar mota ba salansa.

"Ɗan Adam, an ba ka ɗaya ka ɗauki biyu. Haka ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ban yi niyya ba. Hannuna ne ya saba."

"To hannun za mu hukunta, ba kai ba. Dokarmu, ɓarawo ya bar abin da aka ba shi, ya bar hannun da ya ɗauka, duka biyu. Amma ka kawo mana wadda muka jira, ba ka kashe inji ba, ba ka tsaya ba. Saboda haka ɗaya za ka bari. Ko ka bar kafireta ka tafi da hannunka lafiya, ko ka tafi da ita ka bar wa tsatsa hannun. Zaɓi."

Cindo ya zube ƙasa ya ɗaga hannunsa na dama. "Ranka ya daɗe, ni ina da ragowar yatsa. Tun da aka haife ni bai yi min aikin komai ba. A karɓa a madadin."

'Yan tasha suka yi dariya kamar iska na kaɗa kwanon rufi. Sarkin bai yi ba.

"Yatsanka bai ɗauki noti ba, mahauci. Koma da shi, za a neme shi."

Nomau ya dubi hannunsa, tabon ƙuna a babban yatsa, baƙin mai a ƙarƙashin farce wanda ko ranar aurensa bai fita ba. Da shi yake ci, da shi yake ciyarwa. Ya tuna gadar nan, ya tuna mace durƙushe a bakin hanya.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. A bar min shi ya cire ta tukuna."

"An bar maka."

Ya buɗe bonet. Bai yi gaggawa ba. Duk notin da ya kwance sai ya ajiye shi a tafin Cindo, yana faɗar lambarsa da ƙarfi. Ya ɗago mai ran, ya ɗora matacciyar. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya kwanta a kan injin, ya lalubo na baya, ya ɗaure shi har sifana ta ƙi juyawa.

"Huɗu."

Sanyi ya kama kan yatsunsa. Ja ya hau farce, ya hau gaɓa, ya mamaye tafi, ya tsaya a wuyan hannu. Yatsun suka ƙage. Sifana ta faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka.

"Ku fita ta ƙofar da kuka shigo," in ji Sarkin Tasha. "Kada ku waiwaya."

Taki ɗaya suka yi a bayan katangar, sai ga su a bakin daji kusa da babur, ranar Alhamis ɗin dai, la'asar ta yi sanyi, ƙasa jiƙe da ruwan da aka gama. Cindo ne ya tuƙa, sau biyu yana zubar da su a laka, Nomau na rungume da kafiretar a ƙirji.

Tun daga nesa suka hango mata a ƙofar gida. Gwaggo Kande ta taro su. "Ina kuka shiga? Tun azahar ciwon ya tashi!"

Baba Jatau na zaune a inuwar akori-kurar. Ya dubi hannun Nomau. Ya fara warware tsumman nasa, falle bayan falle, har hannun ya fito, lafiyayye sumul kamar na saurayi, tsatsar shekara sittin ta sake shi. Ya kama na Nomau ya naɗe masa da tsumman.

"Na ce kowane noti."

"Ka faɗa, Baba. Ba ka dai faɗa kai ne direban ba."

"Da na faɗa, da ba ka je ba." Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ta isa?"

"Ta isa."

Nomau ya tura wa Cindo jakar kayan aiki da ƙafa. "Ɗauki sha ukun da ta rage. Ba waccan ba, ta kusa da ita. Yau kai ne bakanike."

Cindo ya ɗora kafiretar, ya ɗaure uku, ya kama ya girgiza. "Ai ta riƙe, ko motsi..." Ya haɗa ido da Nomau, ya kwanta a kan injin. Wurin ya yi matsi, yatsu biyar suka kasa riƙe notin a bakin ƙusarsa. Ɗan ƙaramin na shidan ne ya tokare shi har ya kama.

"Huɗu," in ji Cindo.

Bugu ɗaya inji ya tashi.

Aka shimfiɗa katifa a baya, aka kwantar da Lantana, Gwaggo Kande ta hau ta riƙe mata ƙafafu. Nomau ya kama sitiyari da hannun hagu, Cindo a gefensa yana riƙe da giya.

"Ta biyu! Ta biyu na ce, bawan nan!"

"Wace ce ta biyun? Duk iri ɗaya ne!"

Haka suka hau duwatsun, mota na gurnani, laka na tashi. A hawan ƙarshe, wanda ya fi kowane tsayi, Lantana ta yi wata ƙara ta yi shiru. Nomau ya ɗaga ido ga madubi. Ta gilashin baya ya hango farin lulluɓi. Tsohuwa ce zaune a kan katifar, kan Lantana a cinyarta, tafinta a goshinta. Ya waiwaya da sauri, ba kowa sai Gwaggo Kande a wajen ƙafafu. Ya koma madubi, idanu masu launin jan ƙarfe suka ɗago suka dube shi.

"Dubi hanya, direba."

Ya dubi hanya. Kafin a kira isha'i suna ƙofar asibiti.

Mace aka samu. Da aka bar shi ya shiga washegari da hantsi, ya ɓoye naɗaɗɗen hannun a bayansa, amma Lantana ta riga ta gani. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta tambaya ba tukuna. Ta gyara wa jaririyar zani.

"Maigida, wace tsohuwa ce kuka ɗauka a hanya? Ta riƙe min kai tun daga duwatsu, hannunta da ɗumi kamar bonet. Na so in yi mata godiya, Gwaggo ta ce wai mafarki na yi."

Nomau ya sa ɗan yatsan hagu a tafin jaririyar, ta damƙe shi.

"Fasinja ce," ya ce. "Ta riga ta sauka."